Filinka ne, amma ba ka kwana a ciki



Tun da munka yi shirin makon jiya kan rigingimun farsel, saƙonni ba su daina shigowa ba. Maganar da ta fi maimaituwa ita ce, in dai mutum yana da takardar filinsa, ba wanda ya isa ya ce masa ga abin da zai yi da shi. Wani ma ya ƙara da cewa a ƙasar Turawa ba a yi wa mai fili haka. To, a kan wannan ta biyun nake son in tsaya. Na taɓa ganin wurin da mutum ke da fili nasa na kansa, ga takarda, ga haraji yana biya duk shekara, amma doka ta hana shi kwana a ciki, alhali baƙon da ya zo jiya ya samu wurin kwana kyauta a filin wani. A Faransa ne, a wani tsibiri da ake kira Oleron. Minti ashirin na shiri ba su isa wanga labari ba, shi ya sa na kawo shi nan.

A watan Yuni na 2019 na je horo na wata ɗaya a garin Laroshel, bakin tekun Atlantika. Wani abokin aiki a gidan radiyon da ya karɓe mu, iyayensa suna da irin motar nan mai ɗaki a ciki, wadda Faransawa ke kira kamfin-kar. Da anka samu hutun kwana uku a jere, sai ya aro ta ya ce mu je in ga tsibiri.

Bari in fara kwatanta muku motar, don duk rigimar daga jikinta take fitowa. Ku ɗauka hiyas ce ta yi ƙiba ta ƙara tsawo: wajen mita 7 a kwance, kusan mita 3 a tsaye. A ciki akwai gado biyu, teburi mai naɗewa, murhun gaz, ɗan firijo, da makewayi haɗe da wurin wanka wanda in ka juya sai gwiwar hannunka ta bugi bango. A kan rufi akwai faranti mai kama hasken rana yana cika batir, shi ne kuran ɗinka. Nauyinta bai wuce ton 3 da rabi ba, don haka farmin ƙaramar mota ya ishe ka tuƙa ta. Sabuwa tana iya kai Euro 60,000, kusan miliyan 40 na sefa kenan, shi ya sa mafi yawan waɗanda na gani a cikinsu masu furfura ne da sunka yi ritaya.

Tankin ruwanta lita 100 ne ko kusa da haka. Bido huɗu kenan, bai kai rabin kurar mai ga-ruwa ba. Ruwan da ka yi wanka da wanke-wanke da shi ba ya zuba ƙasa, wani tanki na biyu yake taruwa. Na makewayi kuma yana shiga wani akwati na wajen lita 20 da ake zarowa ta gefen mota. Kwana biyu zuwa uku, ruwa mai kyau ya ƙare, akwati ya cika. Duk wanda ke yawo da wannan mota tambaya biyu ke bin sa kullum: ina zan tsaya in kwana, ina kuma zan zubar?

Dokar Faransa a asalinta ba ta hana kafa tanti ko kwana a mota a filin wani ba, muddin mai filin ya yarda. Amma ta cire wurare: bakin teku, wuraren da gwamnati ta killace saboda kyawunsu ko halittun da ke ciki, kewayen gine-ginen tarihi, da duk inda bai kai nisan mita 200 ba daga wurin da ake ɗibar ruwan sha. Magajin gari ma yana da ikon ƙara nasa hanin. In kuma ɗaki mai ƙafafu zai wuce wata uku a shekara a wuri ɗaya, sai an kai takarda meri. A cikin wannan ƴar ƙofar da doka ta bari ne anka kafa wani tsari mai suna France Passion a 1993: manoma da masu gonakin inabi da masu kiwo suna ba masu irin motar nan wurin tsayawa kyauta na awa 24. Sharaɗin shi ne ka zo da ruwanka da makewayinka, ka yi sallama in ka zo, ka yi ban kwana in za ka tafi, ka kwashe shararka. Ba dole ka sayi kome ba, amma kunya ba ta barin mutum ya tafi hannu rabbana.

Daren farko ba mu haye ba. Mun tsaya a Bursefaran, garin da ke gindin gada ta ɓangaren tudu, a harabar wani mai kiwon witir. Witir wata halittar teku ce mai ɓawo biyu, dangin makankari, kuma yankin Maren da Oleron shi ne ya fi suna da ita a duk Faransa. Ana renon ta shekaru uku zuwa huɗu a teku, sannan a kawo ta wasu ƙananan tafkuna na laka, waɗanda da can wuraren yin gishiri ne, ta ƙarasa a ciki. Ɗanya suke cin ta, da ɗan lemun tsami. Na ci ɗaya don kada a ce baƙo ya raina abinci, ban nemi ta biyu ba.

Mutumin ya fito da takalman roba har gwiwa, ya nuna mana gefen rumfar aikinsa ya ce nan. Abu uku ya gindaya: kada mu kunna wuta a waje, kada mu tare hanyar taraktansa don da asuba zai fita, kuma ko ɗigo ɗaya na ruwan datti kada ya taɓa ƙasarsa. A kan na ukun ya maimaita har sau biyu, yana nuna tafkunan da yatsa. Daga baya na fahimci dalili. Witir tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki. In ƙazanta ta shiga ruwa, hukuma na iya rufe yankin gaba ɗaya, a hana kowa sayarwa har sai an sake aunawa. Akwatin makewayi ɗaya da wani ragon matafiyi ya juye a rami yana iya taɓa abincin gidaje da yawa.

Mu da ba mu da teku, akwai abin da sai an gani. Da la'asar ruwa na nan cike har bakin harabar. Kafin magariba ya janye, ya bar laka baƙa iyakar ganinka, jirage na kwance a gefe guda kamar jakunan da sunka gaji. Sau biyu a yini yake haka, ya tafi ya dawo, kuma aikin mutanen wurin da shi yake tafiya, ba da agogo ba. Magaribar ma sai wajen ƙarfe goma na dare ta yi. Na shimfiɗa darduma a ciyawa bayan mota, mai wurin ya wuce da bokiti, ya kauce ta baya bai ce kome ba. Da na kira gida, Inna ta tambaye ni wane otel anka sauke mu. Na ce mata a mota nake kwana, a filin wani mutum. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, kuɗin guzurin ne sunka ƙare?" Na kasa fahimtar da ita cewa masu kuɗin ne ke yin haka da gangan.

Abin bai yi mini baƙo sosai ba. Wanda ya tashi a karkara ya san yadda bayan girbi makiyayi ke sauka a gonar manomi da izininsa, dabbobi su ci kara su bar taki, kowa ya amfana, lokaci ya yi a tashi. Mai witir ma haka: mun kwana, da safe abokina ya sayi dozin biyu ya kai wa iyayensa. Baƙo raɓa ne, kuma muddin ya tsaya a matsayin raɓa, kowa na maraba da shi.

Da hantsi munka hau gada. An buɗe ta a 1966, tsawonta kusan kilomita 3, kuma tun 1991 ba a biyan ko dala a haye ta, saɓanin ta tsibirin Re da ke maƙwabtaka, wadda anka buɗe a 1988 kuma har yanzu ana biya. Oleron shi ne tsibiri mafi girma a gaɓar Atlantika ta Faransa, tsawonsa wajen kilomita 30, komin takwas ne a cikinsa, mazaunansa na dindindin wajen 22,000. A watan Yuli da Agusta kuwa ana maganar jama'a na ninkawa har sau goma. Garin farko da ka sauka gada ka yi dama shi ne Shato, mai tsohuwar ganuwa ta dutse tun ƙarni na 17, da ƴan rumfunan masu witir da anka shafa wa fenti ja da shuɗi da ɗorawa. Gari ne mai kyau, amma ga mai kamfin-kar ba ya sakin fuska. Wuraren ajiye mota da yawa na kusa da ruwa an gitta musu ƙarfe a sama, tsayin wajen mita 2: ƙaramar mota ta wuce, taka ta tsaya. An ware muku naku wurin, da famfo da ramin zubar da datti, ka sa kati ka biya. A gefen titi kuwa kana iya tsayawa kamar kowace mota, amma da ka fito da kujera ko ka buɗe rumfa, ka tashi daga mai ajiye mota ka koma mai yada zango, kuma ɗan sanda na iya rubuta maka tara.

Abin da ya sa nake wanga rubutu yana bayan gari. Abokina ya ce akwai wasu tsofaffi, abokan iyayensa, da zai gaisar. Munka bar gudron munka bi wata ƴar hanya ta rairayi cikin kurmi. Dama da hagu sai ƙananan filaye, kowane da shingen waya da ƴar ƙofa da kwaɗo. Wani an share shi tas, wani ciyawa ta cinye, a wani ga tsohon karaban, wato ɗakin da ake ja da mota, ƙafafunsa sun nutse cikin ƙasa. Kun san sunan da suke kiran waɗannan filaye? Farsel. Kalmar nan dai tamu ta kullum.

Tsohon ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga wani gari na tsakiyar ƙasar. Shi da matarsa sun sayi filin a farkon aurensu, bai fi mita 20 a kan 25 ba. Ya nuna mini itatuwan da ya dasa da hannunsa, da inda ƴaƴansa ke kafa tanti suna yara, da inda karaban ɗinsu ya zauna shekara da shekaru. Wurin yanzu fili ne, sai alamar ƙafafu huɗu a ƙasa. Takarda ce ta zo musu cewa su ɗauke shi, in ba haka ba maganar ta tafi kotu. Na ce masa, "Mushe, ba filinku ba ne?" Ya yi dariya ya ce nasa ne mana, har haraji yana biya.

Yadda abin ya samo asali shi ne, ƙasar tsibirin ta daɗe a yayyanke ƙanana-ƙanana saboda rabon gado, kamar dai yadda gonar kaka ke komawa ƴan kunyoyi in ta iso hannun jikoki. Da gonakin inabi da na gishiri sunka ja baya, da yawa sun koma saura. A ɗaya gefen kuma ma'aikatan Faransa sun samu hutu mai albashi: mako biyu a 1936, uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982. Ga hutu, ga ƴar mota, ga gada ta buɗe. Leburan masana'anta ko ɗan fosta ba shi da kuɗin otel, ba shi da na gida a bakin teku, amma yana iya sayen ƴar saura da ba mai so, ya jawo karaban ya ajiye. Masu ƙasa sun ji daɗin rabuwa da abin da ba ya kawo musu kome, an yi ciniki a gaban notar, hukuma ta karɓi kuɗin takardu. Haka dubban farsel sunka cika Oleron da Re a shekarun 1960 da 1970.

Sai doka ta biyo baya. Ranar 3 ga Janairu 1986 anka kafa dokar kare gaɓar teku, wadda ta hana gini a cikin mita 100 daga bakin ruwa a wuraren da ba gari ba, ta kuma ƙuntata yadda garuruwan gaɓa za su faɗaɗa. Tsarin filaye na kowace komin ya sa waɗannan wurare a layin daji ko gona. A 2011 kuma anka sa babban ɓangare na tsibirin cikin wuraren da gwamnati ta killace, inda yada zango haramun ne ko da filinka ne. An daɗe ana kau da kai, musamman in mutum ya zo da rani ya ɗauke kayansa da kaka, amma kau da kai ba izini ba ne, kuma duk ranar da anka ga dama ana iya daina shi.

Gaskiya, ruwa ba ya tsami banza. Waɗannan filaye ba su da magudanar ƙazanta, rami kowa ke tonawa, a tsibirin da ruwan ƙasa ke kusa kuma tafkunan witir ke ƙasa da su. Hanyoyin ƙanana ne, motar kashe gobara ba ta shiga, ga tukwanen gaz a cikin busasshen kurmi. Wasu kuma daga karaban sun koma rumfar katako, daga rumfa sun zuba siminti, a hankali unguwa ta tsiro inda ba a yanka unguwa ba. Gefen yamma na tsibirin tudun rairayi ne, itatuwan da anka dasa a ƙarni na 19 ne ke riƙe da shi, irin aikin kafe tudu da mutanen Gure da Maine sunka sani, kuma teku na cin sa kowace shekara.

Sannan ga abin da ya faru daren 27 zuwa 28 ga Fabrairu 2010. Guguwar da anka sa wa suna Zintiya ta zo daidai da cikar teku, ruwa ya tsallake madatsai cikin dare mutane na barci. Mutum 47 sunka mutu a Faransa, 29 daga cikinsu a gari ɗaya, Lafot, da ke arewa da nan, mafi yawa a gidaje marasa bene da anka gina a kwari bayan madatsa. A Oleron ma ruwa ya shiga unguwar Boyarbil. Bayan nan gwamnati ta sayi gidaje da yawa a wuraren haɗari ta rushe. Lokacin sanyi ne, tsibirin ba kowa. Duk magajin garin da ya ga wannan dare dole ya tambayi kansa, da a watan Agusta ne fa, mutane na kwance a tanti a filayen da ko sunayensu babu a rajista? Mutanen Yamai da sunka ga abin da kogi ya yi a Saga da Kirkisoy a 2020 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Duk na yarda da wannan. Inda ban yarda ba shi ne kan wa nauyin ya faɗa. Fiye da rabin gidajen Oleron ba gidajen zama ba ne, na hutu ne, a rufe suke mafi yawan shekara, wasu har da tafkin wanka a tsakar gida. Su an ba su izinin gini, sun zauna daram. Manyan wuraren zango na kuɗi, masu ɗaruruwan ɗakuna jere kamar barikin soja, su ma suna nan da lasisinsu, kuma Euro 40 a dare ɗaya lokacin rani, wato jika 26, ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Mu da munka zo da motar miliyoyi mun samu wurin kwana kyauta da murmushi. Wanda anka ce ya tashi shi ne wanda ya zo da mafi ƙarancin kaya, yana zama wata ɗaya ko biyu, kuma bai ɓoye wa kowa ba ranar da ya saya. Hukumar da ta buga hatimi a takardar cinikin ita ce ta dawo bayan shekara talatin ta ce wurin bai dace ba. In an ce don kare tsibiri ne, to a fara da mai babban ciki mana. An yi ƙoƙarin ware wasu wurare a tara masu farsel a ciki, da ruwa da magudana, kuma masu filayen sun kafa ƙungiyoyi suna kai ƙara, amma musanyar ba ta kai ga kowa ba. Wanda ya ce zai sayar kuma, kuɗin saura za a ba shi, don filin da ba a gini ba a kwana, wa zai saye shi da daraja?

Saboda haka mai saurarenmu da ya ce a can ba a taɓa mai takarda, ka ji yadda take. Takarda tana cewa ƙasar taka ce. Abin da za ka yi a kanta kuwa wata takarda ce daban, tana meri, kuma ana iya canza ta bayan ka saya. Kafin ka ba da kuɗin farsel, a Oleron ne ko a bayan garin Maradi, ita ya kamata ka nemi gani: an yanka wurin don zama ne, ko hanyar ruwa ce, ko burtali, ko filin da anka ware wa lakkwal.

Tsohon da matarsa ba su sayar ba. Karaban ɗin yana wani wurin zango na kuɗi, kilomita kaɗan daga filin, kuma saboda tsada sun rage zamansu daga wata biyu zuwa mako uku, suna zuwa a watan Yuni kafin farashi ya hau. Kullum da safe sukan hau kekuna su zo, ya yanke ciyawa, ta shimfiɗa zane a kan teburin ƙarfe da sunka ɗaure da sarƙa a jikin itace, su ci abincin rana, ya ɗan kishingiɗa a inuwa. Wannan doka ba ta hana ba. Ƴaƴansu uku sun ce kada a bar musu filin a gado, ba su son takardun kotu. Ranar da munka je, matar ta ba mu kofi a kofunan roba, ta cika mini aljihu da ƴaƴan itacen da sunka dasa. Wajen ƙarfe bakwai, rana na nan sama ba ta da niyyar faɗuwa, ya naɗe kujeru ya jingina su a bayan shinge, ya rufe ƙofar da kwaɗo, sunka bi mu a baya da kekunansu har bakin gudron.